Yadda ake zaɓar ma'ajiyar gajimare idan za a kwashe fayilolin sabar ofis ba tare da izinin ma'aikata ya watse ba

A ofisoshi da yawa a Gusau akwai wani ɗan ɗaki da ba a cika buɗewa ba, mai na'urar sanyaya ɗaki ɗaya da tarin batura, inda saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis, ke zaune tana gurnani dare da rana. A cikinta foldar Albashi take, da ta Ma'aikata, da ta Kwangila, da wata da aka sa wa suna "Na kowa" wadda babu wanda ya san iyakar abin da aka jibge a ciki. Idan zafin Afrilu ya kama, wutar Kaduna Electric tana zuwa tana komawa, kuɗin dizal ya ishi mai sa hannu, sai wata rana oga ya kira ka ya ce: "Injiniya, ka mayar da mu kilawud mu huta." Kilawud, wato gajimare, shi ne ajiye fayiloli a kwamfutocin wani kamfani da ake kaiwa gare su ta intanet. Oga yana da hujja. Da yawan sabobin nan Windows Server 2012 R2 ne a kansu, wanda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun 10 ga Oktoban 2023. Na 2016 ma wa'adinsa Janairun 2027 ne.

Kwafe fayil ba shi ne aikin ba, ɗan bautar ƙasa ma zai iya. Aikin shi ne ranar Litinin da safe akanta ya shiga da sunansa ya ga Albashi kamar yadda ya saba, mai karɓar baƙi kuma ya danna wannan folda a ce masa ba shi da izini. Don haka ban yarda a fara da tambayar nawa ake biya a kowane gigabayit ba. Wace ma'ajiya ce za ta gane ma'aikatanku, kuma wace ce za ta yi aiki da irin intanet ɗin da Allah ya hore mana a Zamfara? Da waɗannan ake zaɓe, kuɗi daga baya.

Mataki na farko: gano wa ke tantance ma'aikata a ofishin

Zauna gaban kwamfutar wani ma'aikaci ka ga da wane suna yake shiga. Ɗayan uku za ka tarar.

Ko dai ofishin yana da Active Directory, wato akwai saba mai riƙe da sunayen kowa da kalmomin sirrinsu da rukunoninsu, kwamfutoci kuma duk an haɗa su da domen, wato tsarin da wannan sabar ke kula da shi. Ko kuma babu domen ko kaɗan: an buɗe asusu biyu ko uku a jikin sabar, kowa yana shiga da kalmar sirri ɗaya da aka manna a takarda ƙarƙashin allon rubutu. Ko kuma ofishin yana biyan Microsoft 365, ma'aikata suna da asusu a Microsoft Entra ID, wanda har 2023 ake kira Azure AD, amma wannan asusun ba shi da alaƙa da wanda suke buɗe foldojin saba da shi.

Dalilin da ya sa wannan ya zama na farko shi ne Windows ba ta rubuta sunan mutum a jikin folda. Wata doguwar lamba take rubutawa mai farawa da S-1-5-21, ana kiranta SID. Idan ka kwafe folda tare da izininta, lambar ce ke tafiya. Ma'ajiyar da ta karɓa dole ta sami wanda za ta tambaya lambar nan ta wane ce. Idan asusun na domen ne, akwai mai ba da amsa. Idan a jikin tsohuwar sabar aka buɗe shi, lambar ta mutu tare da sabar, kuma babu wata manhajar kwashewa da za ta raya ta. Ofishin da ba shi da domen ba ƙaurar izini zai yi ba, sabon tsari zai gina daga tushe, kuma gara a faɗa wa oga haka tun ranar farko.

Mataki na biyu: ƙirga kaya, ka share izini tun suna gida

Ka san adadin terabayit, ka kuma san adadin fayiloli, domin ƙananan fayiloli miliyan ɗaya sun fi manya dubu wahalar ɗauka ko da nauyinsu ɗaya ne. Ka duba waɗanda ba a taɓa ba shekara uku ko huɗu. Galibi a nan za ka tarar da bidiyon biki da finafinan da wani ya ɓoye a "Na kowa".

Sannan ka fitar da izinin da ke kan foldoji ka karanta. Umarnin icacls tare da /save da /t zai zuba maka su a fayil ɗaya. Abin da za ka gani ba zai yi maka daɗi ba: sunayen waɗanda suka yi ritaya, lambobin SID da ba su da mai su, da foldar da aka ba Everyone cikakken iko saboda wata rana an matsu a buɗe wa mai binciken kuɗi. Na taɓa tarar da foldar takardun ladabtar da ma'aikata a wani ofishi a buɗe ga kowa, shekara da shekaru, kawai ba wanda ya lura. Da an kwashe ta haka zuwa ma'ajiyar da ke da akwatin bincike, mutum ya rubuta sunansa kawai ya ga abin da aka rubuta a kansa.

Gyaran shi ne a daina ba mutum izini da sunansa. A buɗe rukuni ga kowane sashe, ɗaya na masu karatu kawai, ɗaya na masu gyara, a ba rukuni izini, a zuba mutane a rukuni. Idan aka yi wa wani canjin wurin aiki zuwa Ƙauran Namoda, cire sunansa daga rukuni ya wadatar. Wannan aikin na gajiyarwa, kuma ba kai kaɗai za ka yi shi ba. Kai wa kowane shugaban sashe takarda ya sa hannu a kan waɗanda ya yarda su ga foldarsa.

Ka ware wasu fayiloli gefe guda tun yanzu: rumbun bayanai na Access, fayilolin manhajar lissafi irin su QuickBooks da Sage da mutane da yawa ke buɗewa lokaci ɗaya, da fayilolin PST na Outlook. Waɗannan ba sa jure nisa. Idan layi ya yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa. Su ko dai su zauna a gida, ko a kai manhajar da kanta kusa da su.

Mataki na uku: auna layinku, kada ka yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa

A nan ne shawarwarin da aka rubuta don ofisoshin Turai ke yaudarar mu. Hanyar da Windows ke buɗe folda ta nesa, wato SMB, mai yawan surutu ce. Kafin takarda ɗaya ta buɗe, kwamfuta da saba sukan yi tambaya da amsa sau da yawa. A cikin ofis ba ka jin komai. Idan kuwa kowace tambaya sai ta je Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku, ta isa wata ƙasa ta dawo, jinkirin taruwa yake yi, ko da kuwa layinku mai faɗi ne.

Ina ma'ajiyoyin suke? Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Johannesburg da Cape Town a 2019. Amazon ta buɗe tata a Cape Town a 2020, tana kuma da ƙaramin reshe a Legas tun 2023, sai dai ba kowace hidima ake samu a ƙaramin reshe ba. Google ta buɗe a Johannesburg a 2024. Kada ka ɗauka Afirka ta Kudu ce ta fi kusa don nahiyarmu ɗaya. Wayoyin teku irin su MainOne da Glo-1 Turai suka nufa, don haka a wasu layukan cibiyar Turai kan riga ta Afirka ta Kudu amsawa. Buɗe ƙaramar ma'ajiyar gwaji a wurare biyu, ka sa ainihin fayilolinku, ka buɗe su da ƙarfe sha ɗaya na safe lokacin da kowa ke kan layi.

Sai ƙofa mai lamba 445, ɗaya daga cikin ƙofofin da bayanai ke bi a intanet. Ta nan SMB ke bi, kuma kamfanonin intanet da dama suna toshe ta. A PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta Test-NetConnection da adireshin ma'ajiyar gwajin da -Port 445. Ka gwada a layin ofis, a MTN, a Airtel, a Starlink idan kuna da shi. Idan a toshe take, sai ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kariya a cikin intanet, wanda shi ma kuɗi ne da ƙarin abin kula.

Ka lissafa lokacin ɗora kaya. Terabayit 2 a kan layin da ke ɗora megabit 20 a daƙiƙa zai ci fiye da kwana tara, idan babu ɗauke wuta, babu yankewa, kuma babu mai amfani da layin. A zahiri ka ninka.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, wanda duk ɗan Zamfara ya sani ba sai an gaya masa ba. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar nan saboda matsalar tsaro, mutane suna tafiya Funtuwa don su yi waya. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin teku da yawa suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta fama. Ofishin da ke da fayilolinsa a saba a waɗannan ranakun ya ci gaba da aiki. Tambayi oga kai tsaye: "Ranka ya daɗe, idan babu intanet mako guda, wane aiki ne ba zai yiwu ya tsaya ba?" Amsarsa ce za ta raba maka zaɓi.

Mataki na huɗu: zaɓen kansa

SharePoint da OneDrive. Idan kuna biyan Microsoft 365, kuna da wuri tuni: terabayit 1 ga ma'aikata baki ɗaya, da ƙarin gigabayit 10 a kan kowane lasisi. Ta ƙofar 443 yake bi kamar kowane shafin intanet, yana aiki a waya, mutum biyu suna iya gyara takardar Word ɗaya lokaci guda, kuma abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 93. Ga ofishin da ba shi da domen kuma kayansa takardu ne, wannan nake ba da shawara ba tare da wata-wata ba. Amma ba saba ba ce. Izinin NTFS, wato wanda Windows ke ɗorawa a kan foldoji, fassara shi ake yi zuwa tsarin SharePoint, ba ya tafiya yadda yake. Cikakken adireshin fayil ba zai wuce haruffa 400 ba. Microsoft da kanta ta ce kada fayilolin da kwamfuta ɗaya ke daidaitawa da gajimare su wuce 300,000, kuma izini na musamman a ɗakin ajiya ɗaya gara kada ya wuce 5,000. Wanda ya kwashe saba gaba ɗaya ya zuba a wuri ɗaya zai sha kira. A raba: kowane sashe da shafinsa. Masu amfani da Google Workspace, Shared drives ne makwafin wannan, da irin wannan sharaɗin na sake gina izini.

Azure Files, na gajimaren Microsoft. Wannan folda ce ta SMB ta gaskiya, ana ba ta harafi kamar Z, kuma tana riƙe izinin NTFS yadda yake. Hanyoyi uku take tantance mutane da su, kuma asusun ajiya ɗaya, wato wurin da ake buɗewa a Azure don foldojin su zauna, hanya ɗaya kawai yake ɗauka. Ta farko ita ce Active Directory ɗinku na ofis, da sharaɗin kwamfutar ma'aikaci tana iya kaiwa ga sabar domen. Ta biyu Microsoft Entra Domain Services, domen da Microsoft ke kula da shi, ana biya duk wata. Ta uku Microsoft Entra Kerberos, wadda ke ba ma'aikacin da aka haɗa asusunsa na domen da Entra damar buɗe folda daga Talatar Mafara ba tare da ya ga sabar domen ba. Ka lura da wani abu a ta ukun: sai an cire wannan ma'ajiyar daga dokar tantancewa mai mataki biyu, in ba haka ba shiga ba za ta yiwu ba.

Izini a nan hawa biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai na bakin ƙofa da ake bayarwa a Azure, mai matakai irin su Reader da Contributor da Elevated Contributor, sannan akwai na NTFS a kan kowace folda. Wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Akwai kuma mabuɗin asusun ajiya, wanda ke tsallake duka biyun. Duk wanda ya riƙe shi ya riƙe komai. Na ga inda aka rasa yadda za a haɗa domen, aka sa wannan mabuɗin a kwamfutar kowa don aiki ya tafi. Wannan ba ƙaura ba ce, cire ƙofar gida ne.

Azure Files tare da Azure File Sync. Ga ofishin da ke da domen a Zamfara, wannan nake zaɓa. Asalin kayan yana gajimare, amma ana barin ƙaramar Windows Server a ofis tana riƙe da kwafin fayilolin da ake yawan buɗewa. Ma'aikata suna buɗe folda a sabar gida da saurin da suka saba, ita kuma tana aika canji ta ƙofar 443, ba ruwanta da 445. Za ka iya ce mata ta bar wani kaso na faifai fanko, ta mayar da tsofaffin fayiloli sama, sunansu kawai ya rage a ƙasa. Idan intanet ya ɗauke, abin da ke ƙasa yana buɗewa, abin da aka mayar sama sai layi ya dawo, don haka foldojin da oga ya ce ba za su tsaya ba kada a bari a mayar da su. Oga zai ce ai saba yake so a rabu da ita. Gaya masa bambancin: wannan idan ta ƙone, wata ake sayowa a haɗa ta jawo kayan. Illa ɗaya, idan wani ya gyara fayil kai tsaye a gajimare, sau ɗaya a awa 24 ake duba irin wannan canjin, don haka zai iya jinkirin saukowa.

Amazon FSx for Windows File Server. Sabar Windows ce da Amazon ke kula da ita, tana haɗuwa da Active Directory ɗinku ko wanda AWS, wato sashen gajimare na Amazon, ke gudanarwa, kuma AWS DataSync yana kwashe fayiloli da izininsu. Daga ofis sai ta VPN ko layi na musamman. Tana da ma'ana idan manhajojinku tuni suna AWS. Idan ba haka ba, ban ga abin da zai kai ofishin Gusau can ba. A Google kuma Filestore na NFS ne, makwafin SMB na masu Linux, mai neman SMB sai NetApp Volumes.

Mataki na biyar: doka da dala

Idan fayilolin na ɗauke da bayanan mutane, albashi, takardun asibiti, sakamakon ɗalibai, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku, kuma ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan bayanai waje. Hukumar NDPC ce ke kula da ita. Ma'aikatun gwamnati suna da ƙarin ƙa'idojin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, da ke neman a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, shi ya sa ake zuwa Galaxy Backbone, kamfanin fasahar sadarwa na gwamnatin tarayya, ko cibiyoyin ajiya na Legas. A sami amsar lauya a rubuce kafin a ɗora fayil ko ɗaya.

Kuɗi kuwa da dala ake lissafa shi, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira bayan Yunin 2023. Ban da kuɗin wuri, akwai na yawan buɗewa da rubutawa a wasu matakan Azure Files, da na sauko da kaya, da na VPN, da na kwafin ajiya. Matakin da ya fi arha a gigabayit shi ya fi tsada a buɗewa, don haka a kwashe kaya a matakin da aka tanada don yawan hada-hada, a sauka zuwa mai arha bayan an natsu. A sa ƙararrawar kasafi tun ranar farko.

Mataki na shida: kwashewa

Fara da sashe ɗaya mai haƙuri, ba sashen kuɗi ba, kuma ba ƙarshen wata ba.

Idan asusun domen ne za su yi aiki a gajimare, a haɗa su da Entra ta Microsoft Entra Connect tukuna, har da rukunonin. Duba agogon kwamfutoci. Kerberos, tsarin da domen ke tantance masu shiga da shi, ba ya yarda da bambancin agogo da ya wuce minti biyar, kuma kwamfutar da ƙaramin batirinta ya mutu takan farka da kwanan watan shekarun baya bayan an ɗauke wuta. Sau da yawa "ba ni da izini" agogo ne kawai.

Zuwa SharePoint, Migration Manager na Microsoft kyauta ne, kuma yana fara duba kayan ya nuna maka sunayen da za su ƙi tafiya. Zuwa Azure Files kai tsaye, umarnin kwafe na Windows, robocopy, ake amfani da shi: /MIR don wurin sauka ya zama daidai da tushe, /COPY:DATSO don izini da mai fayil su bi, /DCOPY:DAT don kwanan watan foldoji, /B don ya karanta har abin da kai ba ka da izini, /R:2 da /W:1 don kada ya kwana a kan fayil ɗaya, /MT don ya ɗauki da yawa lokaci guda. Ka yi hattara da /MIR, yana goge duk abin da ke wurin sauka da babu shi a tushe. Idan ka juya adireshin biyu, sabarka zai share. Fara da /L, wanda ke nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, ka karanta da idonka.

Zagayen farko da dare, tsawon kwanakin da zai ɗauka, ma'aikata suna ci gaba da aiki a tsohuwar saba. Zagaye na biyu da na uku canji kawai suke ɗauka, suna ƙarewa da wuri. Ranar Juma'a bayan an tashi masallaci, mayar da tsohuwar folda ta karatu kawai, yi zagaye na ƙarshe, sannan ka sauya harafin folda ta Group Policy, wato hanyar tura saiti zuwa kwamfutocin domen baki ɗaya. Masu DFS Namespaces, tsarin da ke ɓoye ainihin adireshin saba a bayan suna ɗaya, adireshin ciki kawai za su canza, ma'aikata ba za su ma sani ba. Kada ka manta da injin hoto da ke tura sikanin zuwa folda. Tsofaffinsu SMB1, wato tsohon samfurin SMB, suke ji, Azure Files kuma ba ta karɓarsa, sai a bi da su ta sabar gida ko ta imel.

Mataki na bakwai: gwaji da asusun wasu

Asusunka na mai kula yana buɗe komai, don haka gwajinka ba shaida ba ne. Kira akanta, da sakatariya, da ƙaramin ma'aikaci ɗaya. Kowa ya shiga da sunansa ya buɗe foldarsa, ya gyara takarda ya adana, sannan ya gwada buɗe wadda ba tasa ba. Ƙin buɗewar shi ne sakamakon da kake nema, ka rubuta shi a takarda su sa hannu.

Daidaitawa ba kwafin ajiya ba ne. Idan wani ya goge folda ko ƙwayar cuta mai garƙame fayiloli ta shiga, ɓarnar ma sama za ta hau. Kunna Azure Backup ko hotunan ma'ajiya, wato kwafin yadda kayan suke a wani lokaci, Azure Files na riƙe har 200 a kowace folda ta rabawa, sannan ka goge fayil ɗaya da gangan ka dawo da shi a gaban oga. Canza mabuɗin asusun ajiya da ka yi kwashewa da shi. Tsohuwar sabar kuma a bar ta a matsayin karatu kawai har a biya albashi sau ɗaya a sabon tsarin, sannan a kashe ta, a cire faifanta, a rubuta kwanan wata a jiki, a kulle a sef ɗin akanta.